Jalo Mai Gadin Bulo

Tun Tirwun tana ƙauye Jalo yake sauke shanunsa a gonar Malam Nu'uman duk bayan girbi. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya aiko da damin dawa na godiya. Haka iyaye suka bari, ba wanda ya taɓa neman izinin wani. Shi ya sa ko da Malam Nu'uman ya rasu, Jalo bai ga abin tambaya ba.

Da kaka ta yi ya koro 'yan shanunsa kamar kullum. Ashe Mansir, ɗan marigayin, ya yanka gonar fuloti-fuloti ya sayar, ya kafa injin buga bulo a abin da ya rage. Ina ruwan saniya da bulo? Suka bi ta kan ɗanyen da aka shanya suka mai da shi yashi.

Mansir ya iso yana huci. "Baba Jalo, wa ya gayyace ka?"

"Mahaifinka."

"To ya rasu. Taki kuma yanzu a buhu ake sayo shi a kasuwar Muda Lawal."

Maganar nan ta fi ƙona wa Jalo rai a kan bijiman da aka ƙwace masa diyyar bulon. Burtali ya zama layin gidaje, mashaya ta shige cikin katangar wani. Kafin damina ta faɗi shanun sun zama ƙashi da fata, mahauta suka kwashe su a wulaƙance.

Sai ga Mansir da taimako irin na mai kuɗi, wanda ya fi mari ciwo. Ya ce albarkacin zumuncin iyaye zai ɗauki Jalo gadin bulo, tunda ba wanda ya fi shi sanin halin dabba. Jalo ya tsani yaron, ya tsani bulon, amma Azumi matarsa ba ta da abin ɗorawa a murhu. Ya karɓa.

Bana bayan girbi ya hango garke ya nufo filin, a gaba yayansa Hammawa ne, ya taso daga Gubi da shanu a rame.

"Jalo, kwana ɗaya kawai, su lashi ciyawar gefen nan."

Jalo, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dubi yayansa ba, ya tare hanya da sanda.

"Hamma, juya da su. Nan ba wurin kiwo ba ne."