Allon Shagon Rabi

Ana kiran assalatu na bar Giwa, a shekarar da soja suka miƙa mulki. Burina ɗaya: in kawo wa Rabi, wadda nake nema, allon sabon shagonta na ɗinki kafin Asabar. Wani mai kanti da ke takara da ni ya riga ya saya mata keken ɗinki. Ni kuwa zuciyata zan kai mata a rubuce.

Zariya zuwa Kawo

Direba ya cusa mu kamar buhunan masara, amma ban ji matsi ba. Idona na kan taga, ina hango sunanta da haruffa masu lanƙwasa, sirara kamar yatsunta.

Makera

Wajen sha ɗaya bas ta ƙetare gada da mu. Aka nuna mini rumfar Baba Yohanna, dattijon da ya tsufa yana buga lamba a dilolin masaƙa da bangon bariki.

"Baba, rubutu nake so mai laushi, da fure biyu."

"An gama, ango. Je ka ci abinci."

Na ci tuwo da miyar kuka, na kwana wurin ɗan ƙanin babana.

Da safe na dawo, ya miƙo mini aikin. Koren allo, fararen haruffa ƙatti, kowanne an datse shi a tsakiya. Ashe mutumin ba ya rubutu da hannu. Gwangwani yake ɗorawa mai hudar harafi, ya dangwala fenti da soso.

"Baba! Wa ya sassare mata suna?"

"Haka gwangwanin yake, ɗana. In ban bar masa haɗi ba, cikin harafin faɗowa zai yi."

"Furen fa?"

"Ba ni da gwangwanin fure. Ga tauraro na sa maka, har biyu. Kamar na kafaɗar laftanan ɗin soja ke nan!"

Ya yi dariya. Ni ko sallama ban yi masa ba.

Hanyar gida

Aka ɗaure allon a saman mota. A wani shinge ɗan sanda ya hango shi, ya ɗauka motar soja ce, ya ja da baya, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Direba ya doki sitiyari don murna.

"Malam, don Allah ka bar mini shi!"

Na harare shi har Zariya.

Giwa

Bayan la'asar na jingina shi a gaban Rabi. Ta daɗe tana kallo.

"Sannu da hanya. Soja sun koma bariki, kai kuma ka kawo barikin ƙofata? Wace amarya za ta shigo nan da atamfarta?"

Ranar Asabar allon mai kanti aka rataya, furanni har sun yi masa yawa. Nawa kuwa na nemi direban nan na ba shi.

Na gode Allah da Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direba da ya raba ni da kayan takaici. Baba Yohanna kuwa ban gode ba. Kullum da safe motar nan na wucewa ta ƙofar gidanmu, sunan Rabi a samanta, a sassare.