Yadda Na Zama Sankiran Akwati

Mantuwa ta cinye mini abubuwa da yawa, har sandata nakan nema tana hannuna. Amma abin da bakina ya jawo wa yayana, a shekarun da ake ta maganar mulkin kai, wannan kam da shi za a binne ni.

Lokacin ina kai bandar kifi kasuwar Azare daga ƙauyenmu na wajen Katagum, a kan jaki. Karatu kuwa, ko na allo malam ne ya gaji da ni kafin in gaji da shi. Wani zuwa na tarar an kawo akwatin rediyo ƙofar ɗakin karatu, wani malamin makaranta yana kunna wa jama'a bayan la'asar. Na tsaya da jakina, sai na ji murya tana cewa bai kamata a ɗebi talaka aikin hanya ana tsakiyar noma ba, kuma a daina tilasta wa mutane. Wani ya soma ba shi amsa, ni kuwa na kora jaki, don na riga na sami abin kai wa gida.

Ku gane, mu a lokacin murya ɗaya muka sani mai tashi a bainar jama'a, ta sankira. Shi kuwa ba ya faɗin son ransa, saƙon manya yake isarwa. To a wautata, akwati sankiran Gwamna ne. Ina isa gida na tsaya a dandali na ce, "An yi shela a Azare, an hana aikin tilas!" Har na ƙara gishiri, wai duk mai garin da ya sake, rawaninsa ya tafi.

Da na koma Azare, na tambayi malamin yaushe dokar za ta iso mana. Ya yi dariya har da tafa cinya. "Wace doka, bawan Allah? Muhawara ce. Mutum biyu aka zaunar, kowa ya faɗi nasa." Na dawo gida na ja bakina na yi gum. Ni da ko a ɗaurin aure ba a matsa mini in zauna, yanzu dattawa na ba ni gefen tabarma. Wa zai so ya tashi?

Sai ruwa ya karya hanya ana cikin noman farko. Yaran Bulama, mai garinmu, suka bi gida-gida suna kiran mutane aikin gyara. Yayana mutum ne da ko akuya ba ya ɗaga wa murya, ga ciyawa ta rufe masa gero, ga iyali. Ya tsaya a ƙofarsa ya ce, "Ku gaya wa Bulama akwati ya hana." Mutum huɗu suka bi bayansa.

Kafin azahar an ɗaure su a ƙofar zauren Bulama, za a tura su wurin hakimi a matsayin masu tawaye. Wanda aka tura haka, sai dai ya dawo ya tarar da gonarsa ta zama daji. Aka aiko a zo da ni.

Bulama ya dube ni. Na ga gumi a ƙarƙashin rawaninsa. "Kai ne ka ji shela?"

"Ranka ya daɗe, na ji... an yi magana."

"Za ka dafa Alƙur'ani?"

Yaya ya ɗago kai, igiya ta ci masa hannu. "Faɗa masa mana. Ba da kunnenka ka ji ba?"

In na rantse, na ci Littafi a kan ƙarya, kuma Azare ba ta fi ƙarfin ɗan aike ba. In na fasa, na tona wa Yaya rami. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba shela ba ce, musu ne. Na sani tun kasuwar da ta wuce, na ɓoye. Ni za a ɗaure, maganata suka bi."

"Musu? A cikin akwatin Gwamna?"

"A ciki."

"An kama mai maganar?"

"Ban ji ba. Malamin da ke kunna akwatin ya ce kullum haka suke yi."

Can wani tsohon Bafulatani da ke jingine da sandarsa ya ce, "To Bulama, in a can an yarda a yi musu, mu ma ga namu. Hanya za ta jira mako guda. Gero ba ya jira."

Bulama ya daɗe yana jan gemu, sannan ya ce a kwance su, kowa ya gama nomansa ya fito aiki. Ni kuwa in fara a ranar, ni da jakina, muna ɗibar marmara. Kwana bakwai muka yi mu biyu, kuma jakin ya fi ni samun masu jajantawa. Yaya bai amsa gaisuwata ba sai da aka yanke gero.

Tun daga nan na koyi cewa in mutum biyu suna magana, ba na ɗaga ƙafa sai na biyun ya rufe baki. Kuma labarin da wani zai tsaya a kansa da wuyansa, ba na sa masa gishiri.