Kujerar Ba-Tsayawa

Shekara goma sha tara Ba-Tsayawa yana jan doguwar bas ta kamfani, kuma fasinjoji ne suka laƙaba masa sunan. Ko fitsari zai kashe ka, sai ya ce, "Haƙuri, saura kaɗan," alhali saura awa biyu. Mutum ne mai taurin kai, amma wallahi in ya riƙe sitiyari, barcinka za ka sha ka bar masa ranka.

Akwai abin da yake ɓoyewa. Tun da daɗewa likita ya ce masa yana da ciwon ƙoda, sai dai ciwon ya kwanta, ba ya damunsa. Daga shi sai matarsa suka sani. A aikinsu, direban da ya ce yana da cuta ya sauka daga mota ke nan.

Ranar da aka zo yi wa direbobi allurar rigakafin cutar da ke yawo, a farfajiyar kamfani aka jera su, manaja na tsaye hannu a aljihu. Nas tana tambayar kowa, "Malam, kana da wani ciwo?" Kowa lafiya lau. Har mai tari kamar tsohon inji cewa ya yi lafiya lau. Ba-Tsayawa ma ya faɗi haka, ya naɗe hannun riga.

Kwana biyu fitsarinsa ya koma kalar shayi. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. To wane direba ne ƙafarsa ba ta kumbura? Ya ɗora su kan benci a tasha, abokai na tsokanarsa wai madam ta fara kiwata shi daga ƙasa. Ya yi dariya, ya take bayan takalmi, ya ja mota sati uku a haka.

Matar ce ta ga fuskarsa wata safiya, idanu sun kusa rufewa. Ta ce, "Malam, ko ka tashi mu tafi asibiti, ko na kira yayanka."

Likita bai yi masa faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. "Ba kasafai ake ganin haka ba, amma ciwon naka ya farka. Da ka faɗa ranar allura, da mun duba fitsarinka tun satin farko, mun tare shi da wuri. Yanzu ƙodar ta wahala. Doguwar tafiya kam, a bar ta."

"Zuwa yaushe?"

Likita ya ci gaba da rubutu.

Wata huɗu yana gida, abinci lami, ruwa da awo, ƙwayoyi safe da yamma. Kewar hanya ta kama shi sosai, har ya daina kunyar faɗi. Sai ya dubi agogon bango ya ce wa matar, "Da yanzu na haye gada." Ta ce, "Da yanzu fasinjoji na tsine maka dai." Ya yi murmushi, idonsa ya ciko.

Da kumburin ya faɗa, ya sa rigar aiki ya tafi kamfani, wai ko za a ba shi gajeriyar hanya. Manaja ya karanta takardar likita, ya yi ta ba shi haƙuri. Ta taga Ba-Tsayawa ya hango motarsa, wani dogon direba a ciki yana jan kujerar direba zuwa baya. Kujerar da shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa motsa ta! Ya fita, ya tsaya a gindin ƙofa ya ce, "Giya uku tana gardama da safe. Kada ka matsa mata, lallaɓa ta ake yi."

Direban ya ce, "Na gode, Yaya. Hau in rage maka hanya."

Ya hau, ya zauna a layin farko, hannuwa kan gwiwa, bai san inda zai sa su ba. Da suka doshi kwanar asibiti, ƙafarsa ta dama ta danne ƙasa da ƙarfi, inda babu birki. Motar ta sha kwanar lafiya lau.