Ranar da Ango Ya Durƙusa a Bakin Gola

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya sanya wa dariya lokacinta, ya sanya wa kuka nasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, shekaru sun ja, gani ya yi rauni, al'amura da dama sun zube daga ƙwaƙwalwata. Amma akwai wata la'asar a Haɗeja, a ƙarshen zamanin Turawa, wadda ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

A lokacin ina matashi, ina ɗaukar karatun littattafai a zaure da safe, da yamma kuma in tafi filin bakin fadama in buga tamaula, wadda yaran yanzu suke kira ƙwallo. Malamina bai hana ni ba. Sharaɗi biyu kawai ya gindaya mini: wandona ya rufe gwiwa, kuma kada magariba ta riske ni a fili.

Ƙungiyar garinmu tana cikin wata ƙaramar gasa da ake yi tsakaninmu da Kafin Hausa da Birniwa da wasu garuruwa na kusa. Rukuni biyu ne a cikinta. Rukuni na ɗaya ba da gwaninta ake shigarsa ba, da girma ake shiga, tamkar yadda ake jera mutane a zauren ɗaurin aure. Akawuna ne da malaman makaranta da manyan 'yan kasuwa, su ne masu takalma da riguna iri ɗaya. Mu kuwa na rukuni na biyu ana kiranmu 'yan jiran gado, domin babu mai barin gurbinsa a sama sai in an yi masa canjin wurin aiki ko kuwa ajali ya sauka. Aikinmu shi ne tsince ƙaya a fili, da hura tamaula, da shiga ruwa mu ɗauko ta idan ta faɗa. Idan baƙi sun zo, mu kara da 'yan jiran gadonsu tun rana na da zafi, babu 'yan kallo sai awaki.

A cikinmu akwai wani saurayi ɗan masunta daga wajen Baturiya. Jan koma, wato ragar kamun kifi, a cikin taɓo ya gina masa ƙafafu, har idan ya taka busasshiyar ƙasa sai ka ce iska ce take ɗauke da shi. Ban taɓa ganin mai sarrafa tamaula kamarsa ba, ko kafinsa ko bayansa. A shekarar ya yi aure, don haka kowa Ango yake ce masa. Wanda ya ba shi auren kuwa, wato baffan amarya, shi ne mai tsaron golar rukuni na ɗaya. Dillalin gyaɗa ne, mai ƙiba da faɗin murya, shi ya fara kawo tamaula garin daga Kano, saboda haka babu wanda ya taɓa tunanin a taɓa masa gurbi. Ya riƙe a ransa cewa duk ƙasar Arewa babu mai hannu irin nasa.

Dole in yi wa matasan yau bayani, don na ga abin ya fara shuɗewa. A zamaninmu, mutum ba ya ɗaga ido ya dubi surukinsa, ba ya ambatar sunansa, ba ya cin abinci a gabansa. Idan ya hango shi a hanya, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Wannan bai taɓa kawo cikas a fili ba, domin rukunan biyu ba su taɓa karawa da juna ba. Ana ganin rashin ladabi ne ƙani ya ƙwace tamaula a ƙafar yayansa a gaban jama'a.

Ana nan sai aka turo wani malamin makaranta daga Kano, yana zaga garuruwa yana neman 'yan wasa. Wanda ya zaɓa zai shiga ƙungiyar lardi, daga nan ake tsamo na Arewa, daga cikinsu kuma ake ɗaukar waɗanda za su tafi Ikko su buga wa ƙasa baki ɗaya. Yini ɗaya zai yi a garinmu, mutum ɗaya zai ɗauka. Aka shirya manyanmu su kara da mutanen Birniwa a gabansa. Sai Allah ya ƙaddara kogi ya yi ambaliya a makon, ruwa ya yanke hanya, baƙi suka kasa isowa. Malamin ya dubi rana, ya dube mu a gindin tsamiya, ya ce, "Waɗancan fa? Ba 'yan wasa ba ne? A haɗa su da manyan mu gani."

Mu duka mun san wannan ita ce damar Ango, kuma ba lalle ta sake dawowa ba. Muka aro masa takalmin roba don ya fito da kyan gani.

Aka busa usur. Ba a jima ba tamaula ta faɗo ƙafarsa. Ya wuce akawu, ya wuce wani malamin makarantar garinmu, ya bar wani babban ɗan kasuwa zaune a ƙasa yana salati. Baƙon Kano ya miƙe tsaye. Saura gola kawai. Ango yana isa layin da ke gabanta, sai ya taka tamaula ya tsaya cak. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya riƙe su a hannun hagu, ya durƙusa, ya ce, "Baba, barka da yamma. An yini lafiya?"

Baffan ya amsa da murya mai nauyi, "Lafiya lau, ɗan nan. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ka, Baba."

Daga nan ya gangara masa tamaular a hankali, kamar mai miƙa goron sallah. Baffan ya faɗa kanta da dukan ƙarfinsa, ya rungume, ya tashi yana ɗaga ta sama. 'Yan kallo suka ɗauki sowa. Wani dattijo a bakin fili ya ce, "Kai, wannan yaro ɗan halak ne! Allah ya yi wa iyayenka albarka!" Baƙon Kano kuwa ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

Haka aka yi ta yi har aka tafi hutu. Da ya sake isowa, gaisuwa ta ƙare, sai ya yi wa Baffan jajen ambaliya. A wata zuwan ma, da ya rasa abin faɗa, sai ya juyo da tamaular ya kawo mini ita har baya, ni da ban san abin da zan yi da ita ba.

A hutun, baƙon ya ce a gaban kowa, "Yaron nan ƙafarsa zinariya ce, amma ba zan kai wa lardi mutumin da ke gaida gola ba. In bai ci ba, gobe in wuce gaba."

Sai abokai suka kewaye ni, wai tunda ni ne mai karatu, in ba da fatawa. Na shiga laluben abin da na haddace. Na tuna babin aure, na tuna haƙƙin surukai, na tuna hukuncin tseren dawaki da harbin baka, amma ban sami inda malamai suka yi maganar tamaula ba. Na gyara murya na ce, "Abin da ya bayyana gare ni shi ne, kunyar suruki al'ada ce kyakkyawa, amma cin sa a gola ba zunubi ba ne. Babu kaffara a kai."

Ango ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba wuta nake tsoro ba, gida nake tsoro. In na kayar da shi a gaban gari, da wane ido zan shiga zaurensa? Kuma wa zai ba ni tuwo yau?"

Na ga fatawata ba ta da kasuwa. Na tashi na nufi inda Baffan yake zaune ana yi masa fifita, yana ba da labarin yadda ya kama ƙwallayen nan. Na durƙusa na ce, "Baba, alfarma muke nema. Yaron nan kunyarka ce ta ɗaure masa ƙafa. Da za ka yi masa izini ya buga da gaske."

Fifita ta tsaya. Baffan ya zaro ido ya ce, "Da gaske? Wato da can da wasa yake yi? Kana nufin waɗanda na kama ɗin nan ba ni ya yi?"

Na ce, "Baba, ban faɗi haka ba."

"Ka faɗa mana! Ni za a yi wa sadaka a gaban baƙo?" Ya miƙe, ya ƙwala kira har ana ji a bakin kogi: "Kai ɗan nan! In ka ƙara durƙusa mini a filin nan, ban yafe ba! Ka bugo iyakar ƙarfinka, in nuna wa mutumin Kano abin da ake kira hannu!"

Ni na je neman tausayinsa ne, ashe girman kansa ne zai yi mana aikin. Ango kuwa ya shiga tsaka mai wuya: cin suruki rashin kunya ne, saɓa wa umarninsa kuma ya fi muni.

Aka dawo. Ya karɓi tamaula, ya ratsa manya kamar yadda ya saba, ya iso layin. Na ga gwiwarsa ta fara lanƙwasawa da kanta. Baffan ya daka masa tsawa, "Na ce ban yafe ba!" Sai Ango ya sunkuyar da kai, idonsa a ƙasa don kada ya haɗa ido da surukinsa, ya ce, "Baba, a gafarce ni," ya saki ƙafa.

Ban ga tafiyar tamaular ba, ƙararta kawai na ji. Golar filinmu ba ta da raga, don haka ta wuce ta faɗa can tsakiyar ruwan ambaliya, har tsuntsaye suka tashi. Baffan kuwa sai bayan ta wuce ya yi tsalle, ya nufi ɓangaren da ba ta bi ba, ya sauka da ciki a cikin taɓo.

Babu wanda ya san ko a yi murna ko a yi jaje. Ango bai tsaya ba, ya bi tamaular da gudu ya faɗa ruwa, ya nutse har wuya, ya ƙi fitowa. Baffan ya tashi da ƙyar, taɓo har gemu. Ya dubi ruwan, ya dubi jama'a, ya tofar da ƙasar da ke bakinsa. Sai ya buga ƙirji ya ce, "Kun gani? Surukina ne! Ni na zaɓe shi da idona! Wane ne a cikinku yake da suruki mai irin wannan ƙafa?"

Nan fa dariya ta ɓarke, har alƙalin wasa ya kasa busa usur. Baffan da kansa ya je bakin ruwa yana cewa, "Fito, ɗan nan, kada sanyi ya kama mana kai, ƙasa na jiranka." Ango ya fito yana ɗiga, ya durƙusa. A wannan karon Baffan ya ƙyale shi.

Washegari baƙon ya tafi da shi. Ya buga wa lardi, ya buga wa Arewa, kafin Turawa su tafi kuma muka ji an kira shi Ikko. Ranar da aka ambace shi a rediyo cikin waɗanda suka ciyo wa ƙasa nasara, Baffan yana zaune a gaban akwatin, ya juyo ya ce mana, "Ku daina ganin laifin golan can. Ƙwallon da ya wuce ni, wa zai tare shi?" A shekarar ya sauka daga gurbinsa, ya ce a riƙa haɗa rukunan biyu kowace Juma'a, wanda ya fi iyawa ya hau.

Abin da na koya a wannan rana shi ne, gwanin da ƙasa take nema sau da yawa yana nan zaune a rukunin baya, ladabi ya hana shi miƙewa. Kunyar yaro ado ce, kada Allah ya raba mu da ita. Amma haƙƙi ne a kan babba ya dube shi ya ce masa, "Tashi ka buga," ko da shi ne zai kwanta a taɓo.

Allah ya ji ƙansu, su biyun duka sun riga mu gidan gaskiya. Kai kuma mai karatu, Allah ya albarkace ka da iyalinka, ya ba 'ya'yanka kunya, ya haɗa su da manyan da za su buɗe musu hanya. Amin.