Shanun da Jarumi Ya Bari a Bakin Rijiya

Shekarar da na fara koyarwa, lokacin da kuɗin mai suka cika Gombe da sababbin babura, ni abin da ya hana ni sukuni littafi ne. Labarin wani makiyayi ne da aljanu suka sace ƙanwarsa, ya bi su ƙasa bakwai da takobin da ke magana. Kashi uku ne, biyu kawai na samu. Kullum ina zarya tsakanin gidanmu a Kagarawal da rumfar mai littattafai, har ya fara ɓuya in ya hango ni.

Bayan la'asar nakan karanta wa goggona, yayar babana, wadda ta dawo wurinmu daga ruga bayan fari. Ba ta taɓa ba mu labarin wannan farin ba. Sauraronta kuwa na ƙona mini rai. Ina tsakiyar yaƙi da sarkin aljanu, sai ta katse ni.

"Tsaya tukuna. Shanun da ya bari a bakin rijiya, wa ke ba su ruwa?"

"Goggo, wannan tun shafi na huɗu ne."

"Na sani. Kwanansu nawa ke nan?"

Ita takobin ma bai burge ta ba, wai surutunsa ya yi yawa. Don ta ƙyale ni, na ce ai kashi na uku zai faɗa. Daga ranar ta fi ni matsuwa. Ko takalmi ban cire ba za ta tambaya ko ya iso.

Da ya iso, a tsaye na buɗe shi cikin kasuwa, ina ta juya shafuka. Sai na lura ba ƙanwar nake nema ba, shanun nake nema. Babu su ko a layi ɗaya. Na ji haushin marubucin sosai.

Kwana biyar ina karanta mata, ina jan ƙafa. An ceto yarinya, an yi biki, na rufe littafi.

"To, shanun?"

"Marubucin ya manta da su, Goggo."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Bai manta ba," ta ce. "Mutum ba ya mantawa. Mutuwa suka yi, shi ya sa ya kasa faɗa."

Ta miƙe ta ɗauki butarta, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.