Malam Sharhabilu, Mai Hoton da Bai Bar Fuskokinmu Sun Zama Toka Ba

Kowace safiya, kafin 'yan zemijan, masu acaɓa, su cika titin Zongo da hayaƙin babura, Malam Sharhabilu Adda yakan buɗe ɗan shagonsa na buga hoto da ke jikin na tela Mansir. Ba injin yake fara taɓawa ba. Wata roba mai murfi yake buɗewa, inda yake kulle takardunsa, ya zaro ɗaya ya shafa da bayan hannu. Iskar Kwatano cike take da laimar teku, takarda mara sheƙi kuwa tana shanta. Idan ta sha, baƙi ba ya zama a kanta da kyau.

Haka na san shi tun ina yarinya. Shi ya sa ranar da na tarar da shagon a rufe, Mansir ya ce mini ba za a sake buɗewa ba, na kasa gaskatawa.

Mu nan kartiye, wato unguwarmu, mun fi son takarda mara sheƙi, don hoton bango ne, ba ka so haske ya riƙa walƙiya a fuskar mahaifinka. Amma tana da mugun hali. Tana shanye tawada, baƙi ya fito fari-fari kamar tsohon yadi, fuskar baƙin mutum ta koma toka. Malam bai taɓa yarda da wannan ba. Akwai baƙar tawadar da aka yi musamman don irin wannan takarda, ita yake nema ko da za ta kai shi kasuwar Ganhi ya dawo a banza ya sake komawa. Yakan saita injin daidai da takardar da ya sa. Kuma ba ya yanke wa hoto hukunci yana ɗanye, sai ya bushe, ya fito da shi bakin ƙofa ya duba a hasken rana.

"Ƙara tawada ba shi ne baƙi ba," yakan ce. "In ka tuttula, ka binne mutum."

Ku tambayi Hajiya Halimatu Sa'adiya. Mijinta Alassane fataucin shanu yake yi, motarsu ta kife a hanyar dawowa daga arewa, aka binne shi can ba ta ga gawarsa ba. Hoto ɗaya ya bari a wayar wani abokinsa, an ɗauka ƙarƙashin rumfa, fuskar duk inuwa. Da ta kai wa Malam, ya buga na farko, ya duba, ya kife shi.

"Malam, ba ni hakan nan, na gode," in ji ta.

"Hajiya, wannan ba maigidanki ba ne. Ki dawo bayan Juma'a."

Mansir yana wurin ranar da ta dawo. Ya ce da ta karɓa sai ta yi salati da ƙarfi, ta zauna daɓas a kan dakali. Rawanin baƙi ƙirin, inuwar rumfar baƙa ƙirin, amma a tsakaninsu ga Alassane, ga tsagar kumatunsa, har da ɗan tabon da ƙaho ya yi masa a gira. Ta ɗora yatsa a kan tabon tana cewa, "Shi ne, wallahi shi ne."

To ga abin da ya girgiza ni. Lokacin da ya yi wannan aikin, idonsa na hagu ya riga ya mutu. Hawan jinin ido ne ya cinye shi a hankali. 'Yarsa Hafsa ce ta gaya mini, tana kuka. A lokacin ko a gida, mahaifiyarta kaɗai ta sani. Duk hotunan sunanmu da bukukuwanmu na shekarun nan, da ido ɗaya aka tace su, mu kuwa muna ta kai masa muna cewa ya yi sauri.

Na koma wurin Mansir na ce ya aka yi ya rufe. Ya ajiye almakashi. Ya ce ran nan Malam ya leƙo da hotuna biyu na wata amarya, ya ce, "Mansir, don Allah wanne ya fi baƙi?"

"Na zaci wasa yake," in ji Mansir. "Ɗaya baƙi wuluk, ɗaya toka, ko daga tsallaken titi za ki bambance. Na dubi fuskarsa, na ga da gaske yake tambaya."

A lopital, wurin likita, aka tabbatar masa idon daman ma ya kama hanya. Mutane sun roƙe shi ya ci gaba, injin ai ya san aikinsa. Ya ce a'a, ba zai miƙa wa mutum fuskar da shi bai gani ba.

Malam, kai ne ka ɗauki baƙar fatarmu da daraja, ka ƙi barin ta dushe a bangon ɗakunanmu. Kai ne ka mayar wa Hajiya Halimatu mijinta ta yi masa kallon bankwana. Ka ɓoye ciwonka, ka fito da namu kyan. Na so in yi fushi da kai kan wannan ɓoyon, na kasa. Mun gode. Allah ya tsare maka sauran ganinka, ya saka maka da aljanna.

Ku kuma matasan Zongo masu injin hoto, yana nan gidansa bayan masallacin mahauta, kansa garau, bakinsa a buɗe. Ku je ku zauna gabansa ku koya. Ku tafi da hotunanku, amma ku shirya gaya masa gaskiyar abin da ke kan takardar, domin yanzu da idanunku zai duba.