Ƙofar Laka da Haƙorin Habu

Ranar wata Laraba bayan an taso daga makaranta, shekarar da nake aji biyar, na hau ruwan cikin Habu a bayan gidanmu da ke Azare ina kirɓarsa kamar an aiko ni. Habu ɗan ƙanwar babana ne, akushi ɗaya muke ci, tare muke yankan ciyawar awaki. Jini na zuba daga bakinsa amma ko a jikina, zuciya ta rufe mini ido. Duk a kan wata ƙofar gari ta laka da ba ta wuce kamu ɗaya ba.

Malamin aikin hannu ne ya ce mu haɗu biyu-biyu mu yi abin gargajiya mu kawo ranar Alhamis. Yara suka kama saƙar faifai da igiya, ni kuwa da shegen taurin kai na ce sai tsohuwar ƙofar ganuwar Katagum, wadda ko a mafarki ban taɓa gani ba. Kakanmu Malam Sule, tsohon magini da idonsa ya tafi, shi yake ba mu labarinta kullum, har ya ce in an gama in kawo masa ya shafa, ya ji ko na gaje shi. Maganar nan ce ta raba ni da wasan langa har sati biyu. Ni da Habu muka ɗebo jar ƙasa a kududdufi, muka kwaɓa da busasshiyar ciyawa, muka murza tubala ƙanana kamar goro, kara ya zama azara. Na ɗaga zankwaye a sama, na shafe ta da makuba, na zana ta da farar ƙasa da shunin da na sato a ɗakin Inna. Malam Sule na zaune kan buzu yana nanata mana abu ɗaya: "Ku bar ta a inuwa ta sha iska, rana ba ta iya lallashi ba."

Habu matsoracin bulala ne. Ya taɓa ya ji da sauran danshi, ga Alhamis gobe, sai ya faki idona da safe ya ɗora ta kan wani tsohon kwano a tsakar rana. Na dawo na tarar ta tsage tun daga zanko har bakin ƙofa. Ban tsaya jin ba'asi ba, na zabga masa mari. Ya kafa mini haƙora a kunne, na yi masa ƙafa ya faɗi, na bi shi da naushi har na ji wani abu ya ɓalle a bakinsa. Ya yunƙura, muka mirgina, muka faɗa kan kwanon. Sai da Inna ta sauke mini muciya a gadon baya na sake shi. Habu ya tofar da haƙorinsa na gaba, ƙofa kuwa ta koma ɓaraguzai a ƙarƙashin gwiwata.

Malam ya sa aka kwaso masa su a faifai. Ya ce, "Tsagewa ce kawai? Ai ɗan ruwa da laka ke toshe ta, da ka tambaye ni." Ya daɗe yana lalubar gutsattsarin da yatsunsa, sannan ya ce a hankali, "Haka na baro ta a Katagum." Na fi jin zafin wannan a kan muciyar Inna. Na yi masa alkawarin sake gina wata, na yi ta cewa gobe, da damina ta sauka Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu 'ya'yana da kwali da fenti suke aikin hannu, in ya lalace su yanko wani, ba mai kuka. Habu yana da shagon ɗinki a kasuwa, in mun haɗu sai ya washe baki ya nuna wa mutane giɓin, ya ce ga ƙofar Katagum da na gina masa. Kowa ya yi dariya, ni ma in taya su. Amma har yau Malam bai shafa ba.